Yadda Ake Renon Bishiya a Harabar Coci Har Ta Tsallake Rani

Daga 1 ga Satumba zuwa 4 ga Oktoba, ranar idin Waliyyi Faransis na Asisi, Cocin Katolika kan keɓe lokaci don addu'a da aiki saboda halittar Allah. Paparoma Francis ne ya shigar da ranar 1 ga Satumba cikin kalandarmu a 2015, shekarar da ya fitar da wasiƙarsa Laudato si', inda ya kira duniya gidanmu na bai ɗaya, ya kuma ce a saurari kukan ƙasa tare da kukan talaka. Majami'u da yawa suna raya wannan lokaci da dashen bishiya, niyyarsu kuma mai kyau ce. Sai dai a ƙasar Kano da Jigawa, Satumba ƙarshen damina ne. Duk abin da aka dasa a lokacin, ruwa zai ɗauke masa tun saiwarsa ba ta nutsa ba, ya shiga rani na wata bakwai ko fiye da ƙishi, ga akuya, ga gara. Kafin Ista sai ka tarar da busassun sanduna a jere.

Na daɗe ina wannan aiki da matasa da matan zumunta, kuma abin da zan shimfiɗa maka, ɗan'uwa, tsari ne na shekara guda da na ɗora a kan kalandar coci, don ita ce ba ma mantawa da ita. Ko kana wajen Sumaila da Tudun Wada inda ruwa ya fi yawa, ko wajen Gumel da Maigatari inda yashi ya yi rinjaye, matakan ɗaya ne, irin bishiyar ne kawai zai bambanta.

Kayan da za ka tanada

Na haƙa: fartanya, shebur, da diga ko dagi idan wurin faƙo ne. Na yanka: adda da reza ko wuƙa mai kaifi. Na ruwa: bokiti, jarka mai lita 25, da butar ban-ruwa. In babu butar, sami gwangwanin madara ka huda gindinsa da ƙusa wuri-wuri, ya isa. Sai rariya ta rairaye ƙasa, da baro ko jaki da mangala don ɗibar taki.

Na reno kuwa, ledojin fiyawata da aka sha aka yar sun wadatar, tsintarsu ma tsabtace gari ne. Ka haɗa da robobin ruwa manya, waɗanda za a yanke wa wuya, saboda bishiyoyi masu doguwar saiwa. Ka tanadi yashi, ƙasar sama mai kyau, ruɓaɓɓen taki, toka, karan dawa ko zana na rumfa, ƙaya ta shinge, da tsofaffin tuluna ko da bakinsu ya ɓare. Na ƙarshe, littafi da biro. Kada ka raina su, za ka ga amfaninsu a gaba.

1. Nemi izini, sannan ka ƙirga ruwanka

Kafin ka taɓa ƙasa, ka yi magana da Fada, wato limamin cocin, da kwamitin coci, ka kuma kai gaisuwa wurin mai unguwa ko dagaci. A ƙasar Hausa, wanda ya dasa bishiya a fili kamar ya ce filin nasa ne, don haka idan wurin aro ne ko jingina, sai mai shi ya yarda a gaban shaidu. Idan a kan iyaka za ka dasa, kira maƙwabcin ku tsaya tare a nuna wurin. Maƙwabtanmu Musulmi sun san hadisin da ya ce duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga bishiyar da aka dasa sadaka ce ga mai dashen, saboda haka ba ka buƙatar dogon bayani, kuma sau da yawa su ne za su fara kora maka awaki.

Yanzu lissafi. Kowane dashe na son lita 10 sau biyu a mako a lokacin hunturu. Dashe 20 ke nan lita 400, wato jarka 16 kowane mako, a bazara kuma fiye da haka. Tsaya a bakin rijiyarku ko burtsatse ka tambayi kanka wa zai ɗauko wannan ruwa a watan Afrilu. Adadin da amsar ta ba ka shi za ka dasa. Goma da suka rayu sun fi ɗari biyu da aka ɗauki hoto da su.

2. Haɗa taki tun da kaka

Da an gama girbi, wajen shigowar lokacin shirin Kirsimeti, a haƙa rami a inuwa, zurfin kamu biyu, tsawo da faɗi taku biyu. Fara shimfiɗa yankakken kara a ƙasa don iska ta samu hanya. Bi shi da busasshen ganye, ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayi, sai kashin awaki ko na shanu, sai barbaɗin toka da ɗan ƙasa, ka yayyafa ruwa. Haka za ka yi ta jerawa har ramin ya cika, ka rufe da ciyawa. Soka sanda a tsakiya. Bayan mako guda ka zare ta: in ta yi ɗumi, aiki yana tafiya, in ta fito a bushe da sanyi, ƙara ruwa, in wari ya yi yawa, ruwa ya wuce kima, juya shi ka ƙara busasshen ganye. A riƙa juyawa duk bayan mako biyu ko uku. Cikin wata uku zai yi baƙi ya marmashe, ƙanshinsa kamar na ƙasar da aka yi wa ruwan fari.

Idan lokacin ya wuce ka, nemi tsohon juji wanda ya shekara, ka rairaye shi ka fitar da leda, kwalba da tsohon batir. Ɗanyen kashin dabba kuwa kada ya kusanci dashe. Yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara.

3. Zaɓi irin da ya dace da wurin

Nan ne mutane ke bin sha'awa su bar hankali. Kowa na son mangwaro, amma mangwaro da gwaiba sai inda ruwa ke kusa, kamar bakin rijiya ko gefen fadama. In za ka saya, nemi mangwaro mai aure, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan gindin wani, shi ne ke fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu.

Don inuwa a gaban coci, babu kamar darbejiya da tsamiya. Darbejiya tana saurin tashi, tana jure ƙishi, amma ka nisanta ta da gini kamar taku goma, kuma kada ka kai ta tsakiyar gona, inuwarta na danne shuka. Tsamiya tana da jinkiri, ita ta jikoki ce. A gonar coci kuwa, gawo za ka sa. Allah ya yi shi da wata hikima: da damina yake zubar da ganye ya bar wa gero da dawa rana, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Duk manomi ya san yadda hatsi ke yi a gindin gawo. A ba shi tazarar taku goma zuwa goma sha biyu. Zogale a jera shi ta cikin shinge taku ɗaya-ɗaya, cikin shekarar farko za a ci ganyensa. Kuka da ɗorawa na miya ne da daddawa. A arewacin Jigawa, inda ruwa ke ƙaranci, ka dogara da aduwa, magarya, bagaruwa da dakwara mai ba da ƙaro.

Turare yana da amfani wajen azara, amma mashayin ruwa ne, kada a sa shi kusa da rijiya ko lambu. Kuma ko wace iri ce, duba sama ka tabbata babu wayar lantarki, duba ƙasa ka tabbata ba kan shadda ba ne.

4. Reno: aikin lokacin Azumi

Tsakanin Larabar Toka da Ista ake kafa wurin reno, don dashen ya samu wata uku zuwa huɗu kafin a fitar da shi. Kafa rumfar kara kusa da ruwa, mai barin hasken rana ya ɗan ratsa, ka kewaye ta saboda kaji da awaki. Haɗa ƙasa kwano biyu, yashi kwano ɗaya, taki kwano ɗaya. Yanke bakin leda, huda gindinta wuri uku ko huɗu, cika ta ka ɗan bubbuga ta zauna, ka jera su a tsaye.

Kowane iri da halinsa. Zogale ba ya son wata hidima, jiƙa shi kwana ɗaya ka shuka. Tsamiya ma jiƙon kwana ɗaya ya ishe ta. Gawo, bagaruwa da ɗorawa ɓawonsu na da tauri: tafasa ruwa, sauke shi daga wuta, zuba a kan irin, ka bar shi ya kwana. Kada ka dafa irin a kan wuta, kashe shi za ka yi. Wanda ya kumbura da safe shi za ka shuka nan take, wanda bai kumbura ba ka goga gefensa a dutse ka sake jiƙawa. Kuka ma a ɗan kankare ɓawonta kafin jiƙo. Wata hanyar mai sauƙi ita ce ka tsinci irin gawo a cikin kashin awakin da suka ci 'ya'yansa, cikinsu ya riga ya tausasa ɓawon. Darbejiya kuwa irinta ba ya ajiyuwa, cikin 'yan makonni yake mutuwa, saboda haka da ka ga 'ya'yan sun yi rawaya suna zuba, wanke su ka shuka. In ba ka samu ba, jira damina ka ciro ƙananan da suka tsiro a gindin uwar, da ƙasarsu.

Sa ƙwaya biyu a kowace leda, zurfin gaɓar yatsa ɗaya. In duka sun fito, cire mai raunin. Ban-ruwa safe da yamma, danshi ake so ba taɓo ba. Gawo, tsamiya da kuka a sa su a doguwar roba, don saiwarsu ƙasa take nufa kai tsaye.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a bar ledoji wuri ɗaya har saiwa ta ɓullo ta shige ƙasa. Ranar ɗauka sai a fizge, saiwar ta tsinke, dashen ya yi yaushi. Duk bayan mako biyu a ɗaga kowace leda, a datse abin da ya leƙo da reza, a sauya mata wuri. Saura mako biyu a dasa, a fara yaye rumfar kaɗan-kaɗan, a rage ruwa, don dashen ya saba da rana.

5. Haƙa rami bayan ruwan farko

Da ruwan farko ya tausasa ƙasa, a kira gayya. Rami kamu ɗaya ta kowace fuska, zurfi ma kamu ɗaya, na mangwaro a ƙara. Ƙasar sama a ajiye ta gefe guda, ta ƙasa gefe guda. Gauraya ta saman da taki kwano biyu ko uku da toka tafi ɗaya, ka mayar cikin ramin, ta ƙasan kuma ka yi gaɓar tare ruwa da ita. Bar shi ruwa ya daka shi sau biyu ya zauna.

Idan wurin faƙo ne mai gangare, inda ruwa ke gudu ba ya shiga, yi rabin wata. Lura da inda ruwa ke fitowa, zana rabin da'ira mai faɗin taku biyu zuwa uku, bakinta a buɗe yana kallon tudu, ka sassaƙe cikin, ka tara ƙasar a bayan lanƙwasar ta zama kunya. Ramin dashe ya zauna ta ciki kusa da kunyar. Mutane da yawa suna juya shi baibai, ruwa ya bi ta baya ya wuce. Da irin wannan tara ruwa a ramuka da taki ne Yacouba Sawadogo na Burkina Faso ya mayar da mataccen fili daji, har aka ba shi babbar lambar yabo ta duniya a 2018. A fadama kuwa, inda ruwa ke kwanciya, akasin haka za ka yi: tara ƙasa ta yi tudu, ka dasa a kai.

6. Ranar dashe

Lokacinsa daga idin Bitrus da Bulus, 29 ga Yuni, idan damina ta zauna, zuwa ƙarshen Yuli. In an makara ƙwarai, kada a wuce 15 ga Agusta, idin ɗaukar Uwarmu Maryamu zuwa sama. Haka dashen zai sha marka ya kafa saiwa. Zaɓi yammacin ranar da aka yi ruwa mai yawa. Idan Fada zai sa wa dashen albarka, a kai su gaban bagade a Misar safe, a ajiye a inuwa, da la'asar a fita.

Shayar da su tun a leda. Buɗe tsakiyar ramin daidai girman ledar, tsaga ta da reza daga sama zuwa ƙasa, ka zare a hankali kada dunƙulen ƙasar ya fashe. In saiwa ta naɗe a gindi, datse naɗin. Zaunar da shi yadda wuyansa zai yi daidai da fuskar ƙasa, kada ka binne shi fiye da yadda yake a leda, kuma in mai aure ne, mahaɗar ta tsaya a sama sarai. Tura ƙasa, danna da tafin hannu sannan da diddige a kewaye, ka zuba bokiti ɗaya ko da hadari ya haɗo. Kada a dasa da ledar a jiki, wai za ta ruɓe, ba ta ruɓewa. A tattara ledojin duka a buhu. In aka bar su a fili dabbobi za su haɗiye, leda kuma tana kashe akuya da saniya.

A ranar ne littafin nan zai yi aiki. Kowace bishiya a rubuta ta da sunan gidan da zai kula da ita, katikis ya karanta a sanarwa. Bishiyar da aka ce ta jama'a ce, kowa zai zaci wani ya ba ta ruwa.

7. Satumba zuwa 4 ga Oktoba: kariya

Ga aikin da ya dace da lokacin halitta a ƙasarmu. Littafin Farawa 2:15 ya ce Allah ya sa mutum a gonar don ya noma ta ya kuma kiyaye ta, to yanzu kiyayewar ta zo. Da an kwashe amfanin gona za a saki dabbobi, kuma koren da ya rage a gari shi ne dashenka. Dole kariyar ta kammala kafin nan.

Kafa sanduna huɗu, nesa da dashen kamu ɗaya, tsawonsu ya kai ƙirjin mutum, don akuya tana miƙewa a kan ƙafa biyu. Kewaye da ƙayar magarya ko sarƙaƙiya, ko a saƙa kara kamar kwando. In akwai ragowar bulo na gini, jera shi da tazara don iska ta shiga. Tsohon gidan sauro da ya yage ma yana yi. Wajen saran ƙaya, rassa za ka rage, kada ka kashe wata bishiya don kare wata.

Sannan shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa a gindin, kaurin tafin hannu, don riƙe danshi, amma ka bar tazarar yatsa huɗu tsakaninta da jikin dashen. In ta manne, gara za ta bi ta ta hau. Barbaɗa toka a wannan tazarar, ka riƙa sabuntawa. In ka ga gara ta fara ginin ƙasa a jiki, kankare shi, jiƙa dakakken ganye ko 'ya'yan darbejiya su kwana, ka zuba ruwan a gindin. Share ciyawar da ke wajen shingen taku biyu saboda gobara, musamman lokacin da yara ke cinna wa daji wuta don farautar gafiya.

8. Ban-ruwa daga Kirsimeti zuwa ruwan shuka

Shayarwa mai zurfi jefi-jefi ta fi yayyafi na kullum. Yayyafi yana sa saiwa ta tsaya a sama, rana ɗaya aka yi fashi sai ta ƙone. Da hunturu, bokiti ɗaya sau biyu a mako. Daga Maris zuwa saukar ruwa, sau uku, da yamma.

Inda ruwa ke wuya, binne tulu har wuya, taƙi ɗaya daga dashen, ka cika shi ka rufe bakin da murfi saboda sauro. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikin yumɓu kai tsaye zuwa saiwa, ba wanda rana za ta sha. In babu tulu, huda murfin roba da allura, yanke gindinta, ka kifa ta cikin ƙasa ka riƙa cikawa. Ruwan wanka da na wanke hatsi duk suna yi, ban da mai omo da yawa ko mai gishiri.

Dabarar da na fi amincewa da ita ita ce lambu. Idan dashen yana kusa da rijiya, a faɗaɗa shingen, matan zumunta su shuka alayyafo, yakuwa, rama ko kuɓewa a kewaye. Mai jiran ganyen miya ba ta mantawa da ban-ruwa, bishiya kuma ta sha a ciki. Ragowar ganyen a kai wa gwauraye da marasa lafiya, ko a sayar a sayi igiyar guga.

Makon Ista shi ne mafi haɗari: zafi ya kai maƙura, rijiya ta ja, kowa yana hidimar biki da baƙi. A yi ban-ruwa ranar Alhamis Mai Tsarki, a sake ranar Litinin bayan Ista, a sa wannan cikin sanarwa tun Lahadin da ta gabata.

9. Idan babu iri, babu ruwa, babu kuɗi

Har yanzu akwai abin yi, kuma a wasu wurare shi ya fi dashe. Zaga gonar coci ka duba kututturan da ake sassabewa kowace shekara suna sake toho: gawo, kalgo, sabara, magarya, aduwa. Saiwarsu tana nan da rai a ƙasa, ta riga ta kai ga danshi. Zaɓi toho biyu ko uku mafi ƙarfi da miƙewa a kowane kututture, sare sauran da adda mai kaifi, saran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage, ka rage ƙananan rassa zuwa rabin tsawon. Ɗaura tsumma a jiki don masu neman itace su san an keɓe shi, ka koma duk bayan wata biyu zuwa uku ka cire sabon toho. Da wannan hanya, wadda aka fara yaɗawa a yankin Maraɗi a 1983, manoman Maraɗi da Damagaram suka farfaɗo da fili kimanin hekta miliyan 5. Hausawa ne irinmu, ruwansu ma bai kai namu ba.

Ba na so in ruɗe ka cewa bishiya ashirin za su gyara yanayin duniya. Hayaƙin da ke ɗumama ta daga manyan ƙasashe mafi yawansa yake fitowa, Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin 100 ba, kuma Paparoma Francis ya sake jan kunnen shugabanni kan haka a wasiƙarsa Laudate Deum ta 2023. Amma Kano da Jigawa suna cikin jihohi 11 na Najeriya da hamada ke barazana gare su, kuma abin da ke hannunmu shi ne iskar da ke yaye kwanon coci, da ƙasar da ruwa ke kwashewa daga gona, da matan da ke yin nisa neman itacen girki. Waɗannan bishiya tana magance su.

10. Damina ta biyu

Da ruwa ya zauna, ɗauki littafin ku zaga tare da masu kulawa. Inda dashe ya mutu, tono ka duba dalili: in saiwar a naɗe take, matsalar daga reno ce, in an cinye ta, gara ce, in ta ruɓe, ruwa ya kwanta. Gyara dalilin sannan ka maye gurbin daga ragowar reno, don haka kullum a rena fiye da abin da za a dasa. Waɗanda suka rayu a ƙara musu taki kwano biyu a kewaye, nesa da jiki, a cire tohon da ya fito ƙasa da mahaɗar mangwaro, a faɗaɗa shinge a ƙara masa tsawo. Darbejiya da gawo za su iya riƙe kansu bayan rani na biyu, mangwaro da gwaiba kuwa a ci gaba da shayar da su har shekara uku. Shingen kada a cire shi sai kan bishiyar ya wuce inda raƙumi ko saniya za su kai baki, jikinta kuma ya yi kaurin da akuya ba za ta iya ɓare shi ba.